Gansakuka ta mamaye min tankin kifi, tsirrai kuma sai narkewa suke, fitila ce ko me?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan don gaskiya abin ya fara damuna sosai. Yau sati biyar kenan da na haɗa ɗan ƙaramin tankin gilashi mai cin lita 30, na zuba tsakuwa ƙanana a ƙasa, na sa ƴar filta ta soso, a sati na biyu na zuba kifi gupi guda biyar. Tsirran da na sa su ne Anubias guda biyu, Java fern ɗaya, Cryptocoryne tushe huɗu, sai wata mai gaɓa-gaɓa kamar ƙaramar gora da aka ce min ita ma ta cikin ruwa ce.

Fitilar LED ce fara, a jikin kwalin an rubuta lumen 1200 da 6500K, ina kunna ta ƙarfe 7 na safe kafin in fita sai wajen 11 na dare nake kashewa, saboda na ji ance tsirrai haske suke so kuma ni ma ina son in dawo in tarar da tankin yana haskawa. Tankin yana kusa da taga, da yamma rana tana ɗan taɓa shi kamar na awa biyu haka.

Da farko wata ƙura ce mai ruwan ƙasa ta fara lulluɓe gilashi da ganye, in na goge bayan kwana biyu ta dawo, yanzu kuma ga koren zare-zare kamar gashi ya naɗe Java fern ɗin, ganyen Anubias duk ɗigo-ɗigon kore mai tauri wanda ko da farce baya fita. Cryptocoryne kuwa ganyenta duk ya narke kamar takardar da ta sha ruwa, tushe huɗun nan babu mai ganye ko ɗaya. Jiya na taɓa gindin Anubias ɗaya na ji ya yi laushi har yana ɗan wari.

Tambayata: fitilar ce ta yi kaɗan in nemi wadda ta fi ta ƙarfi? Ko taki zan ƙara? Wani ya ce in sa maganin kashe gansakuka, wani ya ce in sayi kifin nan pleco mai lasar gilashi. Wanne zan bi dan Allah, bana son in rasa sauran.

Tsohon_Mai_Tanki:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka sayi wata fitila, wadda kake da ita ma ta yi maka yawa, kuma ka kwantar da hankalinka tankin nan zai gyaru.

Yi lissafin da kanka, lumen 1200 a raba wa lita 30, kaga kowace lita ta samu 40 kenan. Ƙiyasin da masu harkar suke amfani da shi shi ne lumen 10 zuwa 20 a kowace lita haske ne mai sauƙi, 20 zuwa 40 matsakaici, daga 40 zuwa sama kuma mai ƙarfi ne wanda sai kana zuba wa ruwan iskar CO2 zai tafi daidai. Ƙiyasi ne kawai, ba ma'auni ne na ƙwarai ba don lumen yana auna yadda idon mutum yake ganin haske ne, abin da ake auna wa tsiro da shi sunansa PAR kuma sai da na'ura, amma dai ya isa ya nuna maka inda kake. Kai kana bakin mai ƙarfi, ga tankin ba shi da zurfi hasken yana kaiwa ƙasa da ƙarfinsa, ga awa 16 a rana, ga kuma rana ta taga ta ƙara maka nata. Sannan tsirran da ka zaɓa kaf ɗinsu ƴan inuwa ne. Anubias asalinta gefen ƙoramu ne cikin dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, a ƙarƙashin bishiyoyi take maƙale a jikin dutse ko icce, a hankali take girma, wani lokacin sai ta yi sati uku ko wata kafin ta fitar da sabon ganye ɗaya. Tsiro irin wannan ko ka haska masa fitila goma ba zai ƙara sauri ba.

Abin da ya kamata ka gane shi ne tsiro abu uku yake haɗawa ya yi abincinsa: haske, CO2, da sinadaran taki. In ɗaya ya yi ƙaranci to sauran biyun ko sun cika tankin ba su da amfani a wurinsa, daidai wanda ya yi ƙarancin nan zai girma ya tsaya. A tankin da ba a zuba masa iskar CO2, CO2 ɗin da ke cikin ruwa ɗan kaɗan ne, abin da kifi ya numfasar da wanda ya shigo daga sama, cikin ƴan awanni tsirran sun shanye, daga nan duk hasken da ya rage gansakuka ake dafa wa. Ita bata da zaɓe, ɗan abu kaɗan ya ishe ta.

To ga abin da zan yi in da nawa ne. Yau ɗin nan ka mayar da fitilar awa 6 kacal a rana, ka nemi taima ta soket wadda za ta riƙa kunnawa da kashewa da kanta, don in ka bar wa hannu wataran za ka manta. Ka janye tankin daga taga, in ba zai janyu ba ka sa labule mai kauri ko ka manna baƙar takarda a gilashin ɓangaren, amma dan Allah kar ka ɗaga tanki da ruwa cike a ciki, ka rage ruwan sosai tukunna don gilashin yana iya tsagewa. In fitilar tana da wurin rage haske ka mayar da ita rabi, in bata da shi ka ɗaga ta sama kamar santimita 15 ko 20 daga kan ruwa, nisan nan kaɗai yana rage ƙarfinta sosai. 6500K ɗin kuma ba matsala, launin hasken ne kawai, fari irin na rana tsaka, ba ƙarfi yake nufi ba.

Sai Anubias da ta yi laushi, na tabbata binne ta ka yi cikin tsakuwa har da kaurin nan da yake kwance wanda ganye da saiwa suke fitowa daga jikinsa. Ba a binne shi, in aka binne ruɓewa yake. Ciro ta yanzu, ka sa reza mai tsabta ka yanke duk inda ya yi laushi har sai ka kai wuri mai tauri, sannan ka ɗaure ta da zare a jikin dutse ko icce, ko ka ɗiga ɗan supa gulu mai kauri, baya cutar da kifi in ya bushe. Java fern ma haka take, ita ma ba a binne ta. Nan da wata ɗaya ko biyu za ka ga saiwar ta kama dutsen da kanta.

Mai kama da gorar nan kuma ka cire ta, ba tsiron cikin ruwa ba ce, Dracaena ce da ake kira lucky bamboo, saiwarta tana iya zama a ruwa amma in ganyen ya nutse ruɓewa zai yi ya ɓata maka ruwa. Ana yawan sayar wa sababbi ita haka.

Maganin gansakuka ka ajiye shi tukun.

Uwar_Gupi:

Sannu ƙanena, Allah ya sa a dace. Duk abin da Malam ya faɗa a sama haka yake, ni maganar Cryptocoryne ce ta sa na tsaya rubutu, dan Allah KAR ka tuge ta ka zubar. Bata mutu ba. Wuraren da ake renon tsirran nan don sayarwa yawanci a waje da ruwa suke renonsu, saiwa a jiƙe ganye a iska, saboda sun fi saurin girma a haka, to in ka kawo ka nutsar sai tsohon ganyen ya kasa, ya narke, tsiron ya fitar da wani sabo wanda ya dace da zaman cikin ruwa. Cryptocoryne ta fi kowa wannan halin, ko wuri ka canja mata a cikin tanki ɗaya sai ta yi fushi ta zubar da ganye.

Ni na farko da na saya haka ta yi min, na wayi gari babu komai sai ƴan kututture, na tuge uku na zubar don takaici, ɗaya ta ɓuya a bayan dutse ban ganta ba. Bayan kamar sati uku ina share gilashi sai na hango wani ɗan tsinin ganye ja-ja a naɗe kamar bakin allura yana leƙowa daga cikin tsakuwa, wallahi sai da na ji ba daɗi saboda ukun da na zubar. Wannan ɗayar ita ce yanzu ta hayayyafa ta cika min gaban tankin. Ka sa yatsa a hankali ka taɓa gindin, in da tauri saiwar kuma fara ce to tana nan da ranta, ka tsince ruɓaɓɓen ganyen kawai ka ƙyale ta inda take.

Tunda tsakuwa zalla ka zuba babu ƙasa, ka nemi takin nan mai kamar ƙwayar magani da ake cusawa a ƙarƙashi, ka cusa ɗaya kusa da kowane tushe biyu, can ƙasa sosai yadda ba zai fito cikin ruwa ba, don ita ta saiwa ta fi ci.

Inda zan ɗan ƙara a kan maganar Malam shi ne rage haske kaɗai zai yi aiki amma a hankali, saboda duk tsirranka masu nawa ne, babu mai saurin da zai yi gogayya da gansakuka wajen cin abin da ke cikin ruwan. Ka ƙara masu saurin girma. Hornwort ko jefa ta kawai ka yi tana yawo za ta rayu, bata ma da saiwa, Vallisneria kuma a bayan tanki. Sannan masu yawo a saman ruwa irin kainuwa ƙanana, su nasu da sauƙi don CO2 ɗinsu daga iska suke ɗauka kai tsaye, suna zuƙe datti da sauri, kuma su yi wa Anubias inuwa, ga ƴaƴan gupi suna son ɓuya cikin saiwarsu. Sai dai kar ka bari su rufe saman gaba ɗaya, duk sati ka kwashe ka bar kamar kashi ɗaya cikin uku, wadda ka kwashe kuma ka busar ka sa a shara, kar a zuba a rafi ko magudana don yaɗuwa take ta toshe ruwa.

Ƙurar nan mai ruwan ƙasa kuma kusan kowane sabon tanki sai ya yi ta, da kanta take tafiya in tankin ya zauna.

Abinci fa, sau nawa kake ba su? Kuma kana canja ruwa?

Mai_Jatan_Lande:

Pleco a lita 30 a'a wallahi. Wanda aka fi sayarwa ɗan ƙarami kake ganinsa amma yana wuce santimita 30 in ya girma, ga kashi kamar me, dattin da zai zuba ya fi gansakukar da zai ci. In kana son mai taya ka shara ka sa dodon koɗi nerite guda ɗaya ko biyu, su ne ma suke iya kankare ɗigon koren nan mai tauri, kuma basa hayayyafa a ruwan daɗi sai dai su ɗan bar fararen ƙwai a jikin icce. Zare-zaren kuma jatan lande Amano ne gwaninsa, sunan Takashi Amano ɗan Japan aka sa masa don shi ya yaɗa amfani da shi a irin tankunan nan. Amma ka bari tankin ya ƙara kwana biyu ya zauna, kuma in za ka sa su to ka manta da maganin gansakuka, da yawansu akwai sinadarin jan ƙarfe (copper) a ciki kuma shi yana kashe jatan lande da dodon koɗi.

Kafin nan ka sa tsohon buroshin haƙori ka riƙa murɗawa cikin zaren, zai naɗe a jiki ka zaro.

Sabon_Hannu:

Kai jama'a nagode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam gaskiya ne binne su na yi har wuya, na ciro yanzu, ɗaya rabin kaurin ya tafi na yanke saura ganye uku, ɗayar lafiyarta ƙalau. Na ɗaure su a dutse. Gorar ma na cire na sa ta a kwalba.

Yaya, abinci sau uku nake ba su a rana kuma gaskiya ina ɗan cika hannu don suna zuwa gaban gilashi kamar masu jin yunwa. Ruwa kuma sau ɗaya na canja, na kwashe duka na wanke tsakuwa da soson filta a famfo tas, ban sani ba ko daidai ne.

Sai tambaya biyu. Awa 6 ɗin nan dole da safe ne? Don in haka ne ba zan riƙa ganin tankin a haske ba sam, sai yamma nake dawowa. Na biyu fitilar tana da wani shuɗin haske na dare, in bar shi a kunne ya kwana?

Tsohon_Mai_Tanki:

Ba dole da safe ba, tsiro bai san agogo ba, abin da yake so kawai lokacin ya zama ɗaya kullum. Saita taimar daga 4 na yamma zuwa 10 na dare shikenan ka more abinka, in dai da rana ɗakin ba rana ce take dukan tankin ba. Wasu ma suna rabawa biyu, awa 3 da safe, a kashe tsakar rana, awa 3 ko 4 da yamma, a lokacin hutun CO2 yana ɗan sake taruwa. Duk wanda ya yi maka. Shuɗin kuma ka kashe, shuɗi da ja su ne ma launukan da koren ganye ya fi sha, gansakuka ma haka, kuma kifi ba shi da fatar ido da zai rufe, yana buƙatar duhu ya huta.

Amma wankin nan da ka yi shi ne babbar ɓarnar, gara da ƴar'uwa ta tambaya. A cikin soson filta da jikin tsakuwa akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani, su ne suke juya amoniya da ke fita daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci ta koma naitrait, wasu kuma su juya naitrait ya koma naitret wanda ba shi da haɗari sosai kuma taki ne ga tsirrai. Kafin su taru su isa aiki sai an yi sati 4 zuwa 6, kai kuma ka wanke su da ruwan famfo mai kulorin, kaga ka mayar da hannun agogo baya kenan, amoniya ta samu wuri, ita kuwa tana ƙona wa kifi gaɓoɓin da yake numfashi da su kuma tana tayar da gansakuka. Daga yau in soson ya toshe ka ɗebi ruwan tankin a roba ka matse shi a ciki sau biyu uku ka mayar, ba sai ya yi fes ba, ruwan ƙasa-ƙasan nan na jikinsa shi ake so.

Canjin ruwa kuma kashi 30 cikin 100 duk sati, a naka kamar lita 9 kenan, da ɗan tiyo kana zuƙo dattin saman tsakuwa. Sati biyun farkon nan ma ka yi sau biyu a sati tunda akwai ruɓaɓɓen ganye. Sabon ruwan ka ɗiga masa maganin cire kulorin kafin ka zuba, kar ka dogara da ajiye shi ya kwana, don in kuloramin (ɗan'uwan kulorin) aka sa a ruwan shi baya tashi da kansa, kuma zafinsa ya zo kusa da na tankin, digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Celsius ya yi wa gupi da tsirran duka. Abinci sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya zuwa biyu, gupi ko yanzu ya ƙoshi zai zo gaban gilashi.

Takin ruwa ni dai ina ganin ka dakata sati biyu ka ga yadda abin zai kasance.

Uwar_Gupi:

Malam a nan kam ban bi ka gaba ɗaya ba. In ya sa hornwort da kainuwa, ga an rage abinci ga canjin ruwa sau biyu a sati, gupi biyar ba za su iya ciyar da su ba, ruwan zai zama fayau tsirran su kama yunwa, tsiro mai yunwa kuma shi gansakuka take hawa. Ni da zai ji tawa ya fara da rabin abin da aka rubuta a jikin kwalbar sau ɗaya a sati bayan canjin ruwa, daga ranar da ya sa masu saurin. Ganyen ma zai gaya masa, in tsofaffin ganye suna yin ɗorawa naitirojin ne ya yi kaɗan, in sababbin ne suke fitowa fari-fari to sinadarin ƙarfe ne, in kuma ƴan huji ƙanana kamar an soka allura a tsohon ganye yawanci fotasiyom ne. Kainuwa ita ke fara nunawa tunda ita bata rasa haske ko iska, in ta koɗe to taki ne ba wani abu ba.

Tsohon_Mai_Tanki:

Na yarda, in ya sa masu yawon to rabin ma'auni ba laifi. Abin da nake gudu kawai kar ya canja abu biyar rana ɗaya sannan bayan kwana uku ya sake juya su don bai ga canji ba. Ɗan'uwa ka riƙe tsarin nan sati uku ko huɗu ba tare da ka taɓa komai ba, kuma sabon ganye za ka riƙa dubawa, tsohon da ya riga ya yi tabo ba zai warke ba. In sababbin suna fitowa da tsabta sai ka ƙara wa fitilar rabin awa, bayan sati biyu ka ƙara wani rabin, har ka kai 7 ko 8, a nan za ka tsaya.

Sabon_Hannu:

Salam, na dawo da labari bayan kwana 24. Ƙurar ƙasan nan ta tafi gaba ɗaya, zare-zaren saura kaɗan a bakin ganyen Java fern kuma in na cire baya dawowa da sauri kamar da. Yaya maganarki ta tabbata, uku cikin huɗun Cryptocoryne sun fito da ganye, ɗaya har biyu, siraran ganye masu duhu ba irin waɗanda na sayo da su ba, ta huɗun dai shiru amma gindin da tauri don haka na ƙyale ta. Anubias ɗin da na yanke ta fitar da ɗan ganye ɗaya kore shar mai sheƙi, saiwa biyu farare sun fara bin jikin dutsen. Nerite ɗaya na sa, yana ta zana hanya a gilashi.

Kainuwar ce dai ƙananan ganyenta na gefe suke ruɓewa, na lura murfin tankin yana tara raɓa tana ɗiga a kansu, ko shi ne dalili? Na ɗan ɗaga murfin da abin goge fensir jiya don iska ta riƙa shiga, zan ga yadda za ta yi zuwa ƙarshen sati.